Goggo Mai Koko Da Maganar Sitaci

Ranar da likita ya gaya wa Goggo mai koko cewa tana da ciwon sukari, cikin shekarar 2009, bai tsaya dogon bayani ba, domin layin marasa lafiya ya miƙe har bakin baranda. Ya dubi takardar awon jini, ya rubuta magani, sa'an nan ya ce, "Mama, daga yau sai ki rage cin sitaci." Goggo ta amsa da to, ta yi godiya, ta gyara mayafinta ta fito. Sai da suka shiga mota ta dubi babban ɗanta, wanda ba ta kiran sunansa saboda alkunyar ɗan fari, ta ce, "Kai, wannan likitan naku lafiyarsa kuwa? Ni tun da aka haife ni ban taɓa sa sitaci a bakina ba. Riga ce ni, ko hula?"

Ɗan ya yi dariya, amma dariyar iyakarta baki. Shi mai harhaɗa magunguna ne, ya shekara ashirin yana aikin, ya kuwa san abin da likita ya kira sitaci bai tsaya ga farin garin nan da masu wanki ke damawa su tsoma shadda ba. Koko yana ciki, da kunu, da tuwon masara da na dawa, da fura, da masa, da shinkafa, da rogo, da dankali. Watau dai abin da tsohuwar ta shekara arba'in da shida tana tashi tun kafin asalatu dominsa, wanda da kuɗinsa aka saya masa littafi da alƙalami har ya zama abin da ya zama, shi ne aka ce ta rage. Ya rasa ta inda zai ɓullo wa zancen, sai ya tayar da mota kawai.

An kawo Goggo amarya Gombe daga wani ƙauye na wajen Dukku a 1963, shekarar da jirgin ƙasa ya iso garin. Gombe kuwa a lokacin yarinya ce cikin garuruwa, don sai a 1919 aka dawo da mazaunin sarauta nan Doma daga Nafada, bayan an bar Gombe Abba ta Modibbo Bubayero. Auduga da gyaɗa su suka raya ta. Tun cikin shekarun 1950 akwai gidan gurzar auduga, wanda har yau unguwarsa ke amsa sunan kamfanin BCGA, da zuwan jirgi kuma sai garin ya cika da leburori da 'yan dako da 'yan ci-rani, yawancinsu sun baro iyalinsu a gida, ba mai ɗora musu tukunya da safe. Mijinta lebura ne a tashar jirgi, shi ya fara cewa abokan aikinsa suna yaba kokon da yake zuwa da shi a jallo. Daga nan ta fara da tiya guda ta gero a ɗakinta da ke Bolari, yara 'yan talla suna fita da shi, ludayi kwabo.

Wanda bai taɓa tsayawa a kan mai koko ba sai ya ɗauka aikin ɗan ƙanƙane ne, a dama gari a zuba ruwan zafi, shi ke nan. Ina! Kokon da za a sha ranar Laraba tun Litinin ake fara shi. Za a sheƙe geron, a rege shi a ƙwarya a fitar da tsakuwa, a jiƙa shi ya kwana. Wanshekare a wanke, a zuba citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, a kai markaɗe, ko kuwa, a zamanin da injuna ba su yawaita ba, a durƙusa gaban dutsen niƙa har gwiwa ta yi kanta. Sa'an nan sai tata. A ɗaura ƙyalle mai laushi a bakin babbar tukunya, ana zuba ƙullun ana bi da ruwa ana murzawa, farin ruwa yana wucewa ƙasa, dusa tana tsayawa a sama, har sai an matse ta an ga ba sauran fari a jikinta. Dusar ta tumaki ce. Farin ruwan kuma a rufe shi a ƙyale shi, kada wanda ya girgiza tukunyar, domin cikin dare abin da ake nema zai sauka ƙasa ya kwanta, ya daskare kamar yumɓu, ruwa mai ɗan tsami ya taso sama. Wannan da ya kwanta ita ce gasara. In ka sa yatsa ka danna ta da ƙarfi sai ta ƙi, in ka bar yatsan a hankali sai ya nutse.

Duk wannan aikin ruwa yake ci, ruwa kuwa shi ne abin da Gombe ta daɗe tana kuka a kansa kafin a jawo na Dadin Kowa. Da rani Goggo takan ce ita ba gero take saye ba, garwa take saye, don abin da 'yan garuwa ke karɓa ya kan kusa cinye ribar. Saboda haka ba ta zubar da ko ɗigo. Ruwan wankin gero na dabbobi ne, ruwan tsamin da ta tsiyaye daga kan gasara kuma da shi take gyara ɗanɗanon kokon gobe.

Amma wurin da gwaninta take shi ne damu. Gasara ba ta narkewa a ruwan sanyi, ko an kwana ana motsawa, da an daina za ta koma ƙasa ta kwanta. Sai an dama ta da ruwan sanyi kaɗan, sa'an nan a sheƙa mata tafasasshen ruwa gaba ɗaya, nan take farin ya juye, ya yi kauri, ya yi sheƙi. Masana sun ce kowace ƙwayar sitaci, wadda ido ba ya iya gani, a ƙulle take tamau, sai zafi ya kai wajen digiri 60 zuwa 75 take buɗewa ta sha ruwa ta kumbura, ta manne da 'yar'uwarta. In ruwan bai yi zafi sosai ba koko ya tsinke, in kuwa aka jefa gasarar kai tsaye cikin tafasa, bayanta ya dahu ya rufe cikin, sai gudaji. Goggo ba ta san digiri ba. Da kunne take aunawa. Tana daga ɗaki za ta ji ƙarar zubin ruwan, ta ce wa mai damun, "Wannan bai nuna ba, kin ɓata mini gasara."

Katanga ɗaya ce tsakaninta da wani dattijo mai wankin hula da manyan riguna, kuma a wurinsa ta san kalmar sitaci. Shi da rogo yake yin nasa. Ya fere, ya gurza, ya tace, ya bari ya kwanta, ya tsiyaye, ya shanya a kan kwano har ya bushe fari fat, in zai yi aiki ya dama da ruwan zafi ya ɗiga bula. Kullum yana kashedi a tsare awaki daga ruwan da ya tsiyaye, kuma yana da gaskiya, domin rogo, musamman mai ɗaci, yana ɗauke da guba wadda sai jiƙo da tsami da wuta suke korarta, shi ya sa masu yin garin kwaki suke matse shi kwana da kwanaki kafin su soya. Shekara da shekaru suna maƙwabtaka, shi yana tata ita tana tata, shi yana jiran nasa ya kwanta ita tana jiran nata, amma bai taɓa faɗo wa ɗayansu a rai cewa sana'a guda suke yi ba.

Mijinta ya rasu a 1978, ya bar ta da 'ya'ya biyar, babban yana shirin shiga sakandare. Dangi suka ba da shawara a kai yaron kasuwa ya koyi awo a Tudun Hatsi. Ta ƙi. Ta ƙara tiya ta koma huɗu, ta haɗa da ƙosai da kunun gyaɗa da azumi, kuma da wannan ya gama sakandare ya wuce Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A can ne ya tarar da gasarar uwarsa ta riga shi shiga aji. Aka koya musu cewa ƙwayar maganin da mutum ke haɗiya, maganin kansa wani sashe ne kawai, sau da yawa ma ɗan mitsitsi, sauran kuwa kayan riƙo ne, kuma babba a cikinsu sitacin masara. In an dama shi ya yi kauri shi ke ɗaure garin maganin ya zama ƙwaya, in an bar shi ɗanye kuma shi ke shan ruwa a ciki ya kumbura ya fasa ƙwayar, maganin ya fito ya yi aikinsa. Aka kuma ba su labarin yadda a 1941, a garin Piyoriya na Amurka, masu neman hanyar yawaita fanisilin suka gano cewa ruwan jiƙon masara, wanda masana'antun sitaci suka rasa yadda za su yi da shi, shi ne abincin da funfunar maganin ta fi so, har abin da ake samu ya ninka wajen sau goma. Da ya ji haka sai ya tuna randar ruwan tsami ta bayan ɗakin Dada, kamar yadda 'ya'yanta ke kiranta, ya ce lalle ruwa ba ya tsami banza.

Aikinsa na shekarar ƙarshe ma a kan haka ya yi, watau gwada ko sitacin gero zai iya tsayawa a madadin na masara da ake sayowa daga ƙasashen waje. Ɗalibai da yawa a jami'o'in ƙasar nan sun yi irin wannan gwaji, da rogo da dawa da dankali da doya, an ɗaure littattafan an jera a kanta. Abin takaici kuwa shi ne, Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya noman rogo, wajen tan miliyan 60 a shekara, amma yawancin sitacin da masana'antunta na magani ke aiki da shi daga waje ake kawowa. Mai rumbu cike yana aron tsaba.

To, wannan ɗan ne, da duk karatun nan nasa, ya kwana uku bayan ganin likita bai iya gaya wa uwarsa gaskiya ba. A kwana na huɗu ya zo da la'asar ya tarar maƙwabta sun riga shi. Wata ta ce tuwon alkama shi ne maganin ciwon sukari, wata ta ce acca, wata ta kawo saiwa a ƙulle cikin leda. Goggo kuwa tana zaune da babban kofin kokonta kamar kullum, ba sukari a ciki, don ta ce ai sukari aka ce yana mata yawa, ta kuwa bar shi.

Bai yi gardama ba. Ya aiki yaro ya karɓo ɗan sitaci wurin masu wanki, ya ce a kawo masa faranti. Ya jera abubuwa a kai ɗaya bayan ɗaya: sitacin wanki, gasara, ɓarin tuwon jiya, garin alkamar da aka kawo mata, acca, ƙwayar maganin ciwon kai da ya murƙushe, sa'an nan dafaffen ƙwai da yankan nama a gefe. Ya fito da 'yar kwalbar aidin, irin wanda ake shafa wa rauni, ya ce, "Dada, ki duba da kyau." Ya ɗiga a kan sitacin wanki, nan da nan wurin ya rine ya yi shuɗi mai duhu kamar an tsamo shi daga marina. Ya ɗiga a kan gasara, ita ma haka. Tuwo haka, alkama haka, acca haka, har ƙwayar magani. Da ya zo kan ƙwai da nama, aidin ya tsaya da launinsa na ƙasa-ƙasa, bai juya ba. Wannan gwaji tsoho ne, wasu masana biyu na Faransa suka gano shi tun 1814, amma a tsakar gidan nan sai ya zama kamar dabo, yara suka kewaye farantin suna salati.

Ya ce mata sitaci kamar carbi yake, kowace ƙwayar carbin sukari ce irin wadda ake kira gulukos, an shirya su dubbai a zare guda, wani zaren miƙaƙƙe, wani mai rassa. Muddin suna cikin zare harshe ba ya jin zaƙinsu. Amma tun daga baki yawu yake fara tsinka zaren, hanji ya ƙarasa, ƙwayoyin su zube ɗai-ɗai su shiga jini. Ya ce, "Ke da kanki kina yin wannan aikin. In za ki yi kunun zaƙi, ba tsiron shinkafa ko busasshen dankali kike zubawa a kan damammen ƙullu ba, ya kwana ya tsinke ya yi zaƙi ba tare da sukari ba? To, abin da tsiro ke yi a tukunya shi ciki ke yi wa koko." Ga mai lafiya, in ji shi, akwai wani sinadari da jiki ke fitarwa, insulin, wanda ke buɗe wa sukarin ƙofa ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Nata ya gaza, sai sukarin ya taru cikin jini yana yawo, yana cin idanu da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a hankali. Kuma koko ya fi tuwo saurin shiga jini, saboda an tace shi an raba shi da dusa, an dama shi ya yi laushi, ba abin da zai tsare shi a hanya.

Goggo ta daɗe tana kallon farantin. Can ta ce, "Watau abin da na shayar da ku, na shayar da rabin Bolari, cuta ce?"

Ya ce, "A'a, Dada. Kin manta shekarar da aka kawo miki jikanki a hannu?"

Ba ta manta ba, kuma ba wannan kaɗai ta tuna ba. A 1971, shekarar da kwalara ta ratsa ƙasar nan ta kama mutum fiye da 22,000 ta kashe kusan 3,000 a lissafin hukuma, Goggo tana goyon 'yarta ta uku, 'yar wata tara. Yarinyar ta kama gudawa. Manyan mata suka ce haƙori ne, suka ce kuma a tsayar da ba ta ruwa da kunu, domin duk abin da aka zuba ta sama ta ƙasa yake fita, in aka daina zubawa zai tsaya. Magana ce mai kama da hankali, kuma ita ta kashe yara ba iyaka. Maɗiga ta faɗa, idanu suka zurma, kuka ya koma ba hawaye. A kwana na uku aka ɗauke ta a tabarma. A wannan shekarar kuwa, can a kan iyakar Indiya da ƙasar da ta zama Bangaladash, wani likita mai suna Dilip Mahalanabis, da ruwan ƙari ya ƙare masa a sansanin 'yan gudun hijira, ya sa aka riƙa dama gishiri da gulukos a durom ana shayar da masu kwalara da kofi, mace-macen suka sauko daga wajen 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Labarin bai iso Bolari ba sai bayan shekara goma sha huɗu.

Sirrin abin shi ne, hanjin mai gudawa ba ya iya tsotsar gishiri shi kaɗai yadda ya kamata, amma in gishirin ya zo tare da sukari sai su shige ta ƙofa guda, ruwa kuma ya bi bayansu. Daga 1985, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya zama ministan lafiya, aka riƙa shela a rediyo da asibitoci: ƙaramin cokali guda na gishiri a shafe, cokali 10 na sukari a shafe, cikin ruwa mai tsabta cikin kwalbar lemo biyu. Da damina ta 1986 aka shigo wa Goggo da jikanta na fari, ɗan 'yarta, ya yi laushi kamar tsumma, ɗan nata kuwa yana gida hutu. Shi ya haɗa ruwan, ita ta zauna da cokali tun magariba har asuba, in yaron ya yi amai ta dakata kaɗan ta ci gaba. Da gari ya waye ba sukari a gidan, ba kuɗin saye, sai ta dama salalar gasara ta sa ɗan gishiri, ta ci gaba da ba shi tsakanin shan nono. Wata tsohuwa ta ce za ta ƙara masa gudawar, Goggo ta ce an taɓa gaya mata haka. Ɗalibin bai hana ta ba, domin ya karanta cewa a Dakka an gwada garin shinkafa a madadin gulukos tun farkon shekarun 1980 an ga ya yi, ga masu kwalara ma ya rage yawan abin da suke fitarwa. Dalili kuwa, sukari in ya yi yawa a ruwan yana jawo ruwa daga jiki zuwa hanji ya ƙara ɓarna, amma sitaci yana sakin nasa ƙwaya-ƙwaya. Yau abin da ake so shi ne a nemi ƙunshin gishirin da ake sayarwa a shagon magani, wanda aka gyara ma'auninsa a 2002, a haɗa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, kada kuma a daina ba yaro nono da abinci. Yaron dai ya tashi.

Da aka tuna mata wannan sai ta yi shiru, ta sa aka ɗauke kofin. Sai dai Goggo mace ce da ba ta san rabi da rabi ba. An ce ta rage, ita kuwa ta yanke. Ta bar koko, ta bar fura, tuwo sai loma biyu don kada a ce ba ta ci ba, ta koma kan zogale da rama da ruwan zafi. Ta rame, zanenta ya riƙa zagaye ta sau biyu, amma in an auna jini aka ga ya sauka sai ta yi murmushi irin na wadda ta ci gardama. Ɗan yana ta faɗa, "Dada, ba haka aka ce ba," tana ce masa, "Malamin magani, ku kuka ce." Laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Kalma guda aka jefa mata a ɗakin likita, ba ma'auni, ba misali da abincin da ta sani, haka kuwa ake yi wa dubban tsofaffi, a sallame su da sunan abin da za su bari ba tare da an gaya musu abin da za su ci ba.

Azumin 2010 ya zo cikin Agusta. Ɗan ya roƙe ta ta sha, ta ce tun tana 'yar shekara goma sha biyu ba ta taɓa shan azumi ba sai da lalurar mata, ba za ta fara da furfura ba. A ranar sha ɗaya ga wata ta yi sahur da ɗan ganye da ruwan shayi ba sukari, ta haɗiye ƙwayarta kamar kullum. Ƙwayar kuwa irin wadda ke tilasta jiki ya fitar da insulin ce, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Wajen azahar aka ga tana gumi alhali garin da sanyin ruwan sama, hannunta yana karkarwa, tana kiran jikarta da sunan 'yar da ta rasu a 1971. Kafin a yi wani abu ta sulale. Wata maƙwabciya ta ɗebo ruwan sukari za ta ɗura mata, jikar, wadda ke makarantar koyon jinya, ta riƙe hannunta, domin wanda ya suma in aka zuba masa abu a baki huhu yake tafiya. Da tana cikin hayyacinta ne, da cokali uku na sukari a ruwa ya isa ya tsayar da abin. Wanda ya sungume ta ya sa a mota shi ne jikan nan na 1986, ya zama ƙato mai gemu.

A asibiti aka tsaga yatsa aka auna, aka ga sukarin ya faɗi ƙasa da rabin abin da ya kamata. Aka yi mata allurar gulukos mai kauri ta jijiya, kafin a zare sirinji ta buɗe ido tana tambayar wa ya cire mata ɗankwali. Aka ɗaura mata ruwan ƙari, aka ce sai ta kwana biyu, saboda irin wannan ƙwaya tana daɗewa a jiki, sukarin yana iya sake faɗuwa.

Da dare ɗan yana zaune gefen gado, ta ɗaga kai tana kallon ledar da ke rataye tana ɗiga. Ta ce, "Wannan me ke ciki?" Ya ce ruwa ne da sukari. Ta ce, "Sukarin rake?" Ya ce a'a, daga masara ake yinsa. A jiƙa ta, a markaɗa, a tace, a bari sitacin ya rabu da dusa, sa'an nan a tsinka carbin nan har ƙwaya ta ƙarshe, a tsarkake. Ya ce wani mai harhaɗa magunguna a ƙasar Rasha, Kirchhoff, shi ya fara mai da sitaci sukari a 1811, ta hanyar dafa shi da ruwa mai kaifi, yanzu kuwa da sinadarai irin na tsiro ake yi. Goggo ta saurara har ya gama. Ta ce, "A jiƙa, a markaɗa, a tace." Ya ce haka ne. Ta ce, "To, ashe gasara kuka ɗura mini. Nawa suka karɓa?" Da ya faɗi kuɗin leda guda, ta ce da ta san haka ake sayar da ita da tuni ta gina bene.

Bayan an sallame ta aka sake zama, wannan karon da kwano da ludayi a gaba. Aka canja mata magani. Aka yi yarjejeniya cewa za ta sha koko, amma ƙaramin kofi guda, ba sukari, kuma ba shi kaɗai ba, sai da ƙosai ko dafaffen ƙwai, domin wake da mai suna rage gudun sitaci zuwa jini. Tuwo malmala guda daidai dunƙulen hannunta, na dawa ko gero wanda ba a surfe shi ƙwarai ba, miya kuwa ta fi tuwon yawa, kuka ko kuɓewa ko taushe. Aka bar zancen alkama, tun da an ga launin da ta yi a faranti, kuma garinta mai laushi bai fi na dawa sauƙi ga jini ba. Ta yi murna da jin cewa ɗumame yana da ɗan rangwame, don tuwo in ya huce ya kwana wani sashe na sitacinsa yana sake ƙullewa ya gagari hanji, amma ɗan ya yi maza ya ce rangwamen kaɗan ne, kada ta mai da shi hujja. Game da azumi kuwa ba ta yarda da maganar ɗanta ba sai da limamin unguwa ya zo da kansa ya gaya mata hukuncin mai ciwon da ba a sa ran rabuwa da shi. Tun daga shekarar take ciyarwa, da gero take bayarwa, ita ke aunawa da hannunta, tana tula mudun har yana zuba.

Yanzu ta kusa tamanin, idonta guda ya yi hazo, sana'ar kuma ta koma hannun matar jikanta da wasu 'yan mata biyu. Injin markaɗe yana bakin layi, ruwa yana zuwa famfo wasu ranakun, kofin koko ya tashi daga kwabo ya kai abin da in an faɗa mata sai ta riƙe baki. Kofinta na ƙarfe, mai cin ludayi biyu, yana rataye a ƙusa kusa da carbinta, kuma jikar nan ma'aikaciyar jinya, wadda take kira kishiyarta, ta ja layi da jan fenti a cikinsa. Goggo ta ce layin yana sauka ƙasa duk shekara, kishiyar ta rantse ba ta taɓa shi ba.

Da asuba, bayan ta idar da salla, takan zauna bakin gado ta kasa kunne wajen madafa. A ji an sauke tukunya, a ji an sheƙa ruwa a kan gasara. Wani lokaci ta yi shiru. Wani lokaci kuma sai a jiyo muryarta ta cikin labule: "Ke amarya, gaggawar me kike yi? Wannan ruwan bai nuna ba."